Mita Uku Daga Katanga

A bayan gidanmu a Rikkos,
tsakanin tankin ruwa da bishiyar fiya,
akwai ɗan fili da kaji suka mallake
ba tare da takarda ba.
Nan na so in yi wa Baba ɗaki.

Baba Jatau, shekara talatin da ɗaya a ramin kuza,
ya haƙi ƙasar Bukur har ta san tafin hannunsa.
Yanzu gwiwa ta ƙi hawan bene,
sanyin Jos kuwa ba ya girmama furfura.

Na sauke bulo ɗari huɗu da yashi tifa guda,
sai Maman Nanret ta leƙo ta kan katanga:
"Asabe, kin je ofis kuwa?
Ko kin manta jan fentin shagon Barau?"
Ban manta ba.
An zabga wa bangon alama ja,
kamar ɗalibin da ya faɗi lissafi.

A ofis, fanka tana hutu, benci yana aiki.
Kawo takardar mallaka.
Kawo zanen gini mai hatimi.
Kawo rasit, kawo kwafin rasit,
ki dawo Laraba.
Laraba ta haifi Laraba,
har na san mai kunun bakin ƙofa da suna.

Fom ya tambaye ni amfanin ginin:
haya, shago, ko ɗakin masu aiki?
Na juya bayan takardar, na sake juyowa.
Babu gurbin uba.
Sai na rubuta a gefe, da ƙananan baƙaƙe:
wanda ya sayar da kekensa na zana jarrabawa.

Ranar da Malam Gyang ya zo da tef ɗin awo
hadari na haɗuwa ta wajen duwatsun Shere.
Ya ce, "Ki bar mita uku daga katangar baya.
Iska ma tana son hanya.
In wuta ta tashi, ta ina za a shigo muku?"
Ban yi musu ba.
Wa ya tashi a garin nan
bai san abin da wuta ta yi wa Taminus ba?

Amma da aka ja igiya aka kafa turaku,
sai bangon gaba ya faɗa kan fiyar,
wadda Inna ta dasa a gwangwanin madara
damina biyu kafin ta tafi.
Ko a sare ta,
ko ɗaki ya tsuke.

Ina cikin lissafin bulo da baƙin ciki
sai ga Baba da sandarsa, a hankali.
Ya miƙa mini hula,
ya kwanta a ƙasa tsakanin turakun,
ya ce, "Yaro, auna ni."

Malam Gyang ya fara dariya, ya haɗiye ta.
Ya durƙusa, ya ja tef daga ƙafa zuwa ka.
"Mita ɗaya da saba'in, Baba."
"To, abin da ya ragu na buta ne da rediyo.
Ku bar mata itacenta.
Ɗakin da ke jirana bai kai wannan faɗi ba,
kuma ba a cika masa fom."

Hatimi ya fito bayan ɗaukewar ruwa.
Bulo ɗari da goma ya yi saura,
Maman Nanret ta saya a farashin maƙwabta.

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya,
tana kallon gindin bishiyar.
In fiya ta nuna ta faɗo kan kwano cikin dare,
ina jin muryarsa ta bango:
"Na ji, Hajo. Ban yi barci ba."

Mita ukun nan na baya kuwa,
har yau suna hannun kaji.
Ba wanda ya nemi su nuna takarda.