Gadon da Alƙali Bai Raba Ba

Sheffield, asibitin yara, hawa na uku.
Gwiwar Sabi'u ta kumbura kamar tulu,
ba duka, ba faɗuwa, tsalle ɗaya daga kujera.

Likita ta ɗauki biro, ta ce in lissafo dangi.
Na fara da yayana Tanimu:
wanzami ya yi masa kaciya da hantsi,
har aka kira lisha jini bai tsaya ba.
Aka ce kambun baka.
Inna ta rasu tana zargin maƙwabciya.

Biro ya ja layi daga Inna zuwa kaina,
daga kaina zuwa yaron nan.
Ashe mu mata ke ƙulle shi a bakin zane,
a jikin maza ya fi kwancewa.
Kowane ɗa da na haifa, ko ya ɗauka ko ya tsira,
rabi da rabi.

Yanzu na iya laluben jijiya a ƙaramin hannu.
Maganin yana firij, kusa da madara.

Rakiya ke danna masa auduga, tana ƙirga goma.
Wata rana ita ma za a ja nata layin.
Ban san da wane baki zan fara ba.