Ƴar Majemi

Babana majemi ne.
In ya shafi fata da bayan yatsa
sai ya faɗa maka ko akuyar ta sha ƙishirwa,
ko kaska ta ci ta,
ko wuƙar mahauci ce ta yi gaggawa.
Da warin bagaruwa a hannu aka kai shi makwanci.

Ni ma fata nake yi wa aiki,
sai dai tawa ba a shanya ta a rana.
Ba gashi, ba launi.
Ƙwayoyi ne manne a gindin faranti goma sha biyu,
cikin ruwa ja-ja kamar tsinkakken zoɓo,
a wani ɗakin gwaji can hanyar Dutsinma.
Ina sauya musu ruwa, ina leƙa su,
kamar mai kiwon ƴan tsaki da uwarsu ta mutu.

Shida na jera ƙarƙashin bakin na'ura,
wani ɗan ƙaho mai siffar mazurari
da ke zubo igiyar da ido bai gani, kunne bai ji.
Tsawonta daga tudu zuwa tudu
bai fi ƙwayar dawa ba.
Shida na ajiye gefe. Su ne shaidu.

Igiyar nan ba ta da nisan zango.
Tana shiga fata ta tarar da ruwa,
sai ta tsaya nan zaure
ta sauke kayanta, wato ɗumi.
Abin da ke hana ni barci:
ɗumin kaɗai ta kawo,
ko da wani saƙo ƙulle a bakin zane?

Kawu Barmo na Ƙofar Marusa
an kafa ƙarfen sabis a bayan katangarsa.
Tun ranar, in ji shi, wuyansa ke ƙaiƙayi.
Na ce, Kawu, igiyar ƙarfenka ta fi tawa tsawo,
unguwarsu ɗaya, gida daban.
Ya ce, ke dai duba mini.

Daren kwana na huɗu aka ɗauke wuta.
Janareto ya yi tari uku ya yi shiru.
Mannir ya bazama da jarka neman mai,
kafin ya dawo an kira assalatu,
akwatin reno ya huce kamar tuwon jiya.
Duk sha biyun suka dunƙule suka taso sama,
masu laifi da shaidu, ba a bar kowa ba.
Na zauna a kan kujera ban ko cire safar hannu ba.

Muka sake shuka.

Wannan karon na ga abin da na gani.
A madubin ƙara girma sun shimfiɗu kafaɗa da kafaɗa
kamar tsagin laka a bakin tafki bayan kaka.
Waɗanda suka ɗumama sun fito da kayan kare kai,
irin wanda jiki ke ɗaura wa zazzaɓi.
Da na sanyaya farantin, igiya na zuba,
sai suka saje da shaidu,
na ƙirga har idona ya yi yaji, na kasa ware su.

Na rubuta: ban ga bambanci ba.
Alƙalami ya so ya ce babu, na riƙe shi.
Faranti sha biyu ba mutum ba ne,
mako guda ba shekara sittin ba.
Babana bai taɓa yanka wa fata kuɗi ba
sai ya ɗaga ta sama, rana ta ratsa ta.

Na kai wa Kawu labari bayan la'asar.
Ya ce, karatun shekara nawa
don a zo a ce mini ban gani ba?
Na miƙa masa man kaɗanya,
na ce ya rage wa wuyan rigarsa sitaci.
Ya karɓa yana hararar ƙarfen.

Gobe faranti ashirin da huɗu zan shuka.
Mannir ya riga ya cika jarka biyu.