Riyal Talatin a Jidda

Jirginmu ya ce sai Asabar,
ga shi yau Laraba.
Ni da Kawu Mati muka zazzage aljihu kan tabarma:
riyal talatin, da goro ɗaya da ya fara yaushi.
Kawu ya ce, "Ciki ne ke biyan haraji,
ido ba ya biya. Tashi mu ga gari."

Ƙamshi ya ja mu har Bab Makka.
Gurasa na fitowa daga tanderu,
faɗinta kamar faifai, tamis suke ce mata.
Ga wake an dama shi ya yi luguf, an ɗiga mai.
Muka tsuguna, hannu biyu a kwano ɗaya,
kyanwar unguwa na ƙirga mana loma.

Ruwan ƙofar masallaci sadaka ne,
sanyinsa har cikin haƙori.
Rana ta take, muka yi alwala tun kafin kira,
muka daɗe muna lazimi.
Allah na gani, Ya san rabin niyyar
ta sanyin ɗakin ce.

A Balad tagogin katako sun turo kai bisa titi
kamar tsofaffi masu leƙen abin da ba ruwansu.
Kawu ya shekara arba'in yana sassaƙa ƙofa a Gumel.
Ya tsaya yana shafa zanen da ɗan yatsa
har mai gadi ya yi gyaran murya.
"Wanda ya yi aikin nan," in ji shi,
"ba a biya shi daidai ba. Na sani."

Shagon turare biyar muka taya,
kowanne ya ɗiga mana a bayan hannu.
Muka fito muna ƙamshin attajirai,
silifas ɗina ɗaure da waya.

A Karantina wata tsohuwa ta ji Hausarmu ta waiwayo.
Tasalla. Nan aka yanke mata cibiya,
ba ta taɓa taka Daura ba,
amma ta tambaya ko an yi ruwa bana.
Ta zuba tuwo, miyar kuka har da man shanu.
Kawu ya miƙa riyal biyar,
harara ɗaya ta mayar masa da shi aljihu.

Da dare sai bakin Bahar Maliya.
Ruwa ya miƙe tsaye ya fi kowane bene,
fitila na lasar sa, iska na kwashe kansa.
Kawu ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, "Da a gonata ya sauka."

Asabar, saura riyal biyu.
Ya sayi tamis, ya naɗe a jarida,
ya cusa tsakanin haraminsa.
Kafin Kano ta bushe kamar ƙirgi.
Haka nan jikoki suka yi layi,
yana karya musu, yana cewa,
"A hankali. Wannan daga Jidda take."