Kwando Biyu

Kwando biyu gare ni a Dadin Kowa,
ɗaya a rataye a ƙuryar ɗaki,
ɗaya a ƙasa, bakin zaure.
Ban taɓa gaya wa kowa bambancinsu ba.

Shekara goma sha tara ina banda.
In lanƙwasa tarwaɗa, wutsiya ta sadu da baki,
in jera bisa waya, in tura itacen marke,
hayaƙi ya ci idona, ya ci zanena,
har jikoki su gane ni da hanci cikin duhu.

Amma ƙwaro bai san bashi ba.
Mota ta yi kwana biyar ba ta zo daga Gombe ba,
ka ɗaga kifi, gari ya zubo,
kuɗin adashe ya koma dusa a tafin hannu.

Manga mai kanti ya miƙo 'yar kwalba:
"Murfi ɗaya cikin ruwa, ki yayyafa.
Kowa haka yake yi, Adda Dudu,
mai ci ai zai wanke."
Na ɗauki "ai zai wanke"
na ƙulle ta a bakin zane tare da canji.

Ƙuda ya daina sauka.
Abin da ƙuda ya ƙi, ni na kira shi rufin asiri.

Ranar Laraba ina gidan suna.
Hammadi ya taso makaranta da yunwa,
shekara shida, hannunsa bai kai rataya ba.
Ya ɗauka inda ya kai.
Biyu. Har kai ya tsotse, don na ga ƙayar.

Kafin la'asar yawu na dalala kamar an buɗe famfo,
gumi, amai, ciki na murɗa shi kamar wanki,
ƙwayar idonsa ta koma ƙwayar gero.
Na ɗura masa manja, ya dawo da shi a ƙirjina.
Babur. Ban tuna wa ya tuƙa ba,
na dai tuna takalmina ɗaya ya faɗi
ban ce a tsaya ba.

Malama Rifkatu ba ta ɗaga murya ba.
Tana neman jijiya ta ce, "Ba a ba su manja, Inna.
Me ya ci?"
Na ce kifi.
"Shi ne na huɗu a makon nan.
Jiya direba ne da matarsa mai ciki.
Kifin wa?"

Ruwan leda na ɗiga, ina ƙirgawa,
ɗaya, biyu,
kwali nawa na ɗora wa mota tun damina?
Wace tukunya ce a Tumfure, wace ce a Bolari?
Wa ya wanke,
wa ya dawo a gajiye ya gutsura a tsaye?
Ban san fuskarsu ba.
Shi ya sa hannuna bai taɓa rawa ba.

Na ce, "Nawa ne."

Da asuba ya buɗe ido ya nemi koko.

Na haƙa rami bayan gida, nesa da rijiya,
ban kai kogi ba, kogi bai yi mini laifi ba.
Kifin dubu arba'in na binne, da kwalbar, da kwandon.
Manga ya ce na haukace.
Ya yiwu.

Yanzu gishiri, rana, a sake maida wa hayaƙi,
in ƙwaro ya rinjaye ni, kaji su ci riba.
Bashin adashen yana nan, ina biya da kaɗan kaɗan.

Hammadi har yau ba ya cin kifi.
In na miƙa masa, sai ya dubi hannuna tukuna.
Nakan gutsura in ci a gabansa,
in tauna a hankali,
ƙuda na yawo a bakin kwando ɗaya da ya rage,
ina korarsa da mafici
ba tare da na zage shi ba.