Abin da Kundi Bai Faɗa Ba

Sun ba ni ɗaki a sansaninmu na Karolina,
da akwatuna tara na takardu masu warin gishiri,
suka ce, Saje Pruitt, rubuta mana tarihin rundunar.
Ni da yatsana ya fi sabawa da kunamar bindiga.

Kundi ya ce: jirage uku, mutum dubu biyu da ɗari biyu,
sun bar gaɓa ranar Talata.
Bai ce Delmar Tuttle ya yi kwana sha ɗaya yana amai
har muka laƙaba masa Guga ba.
Bai ce ɗan manomi, wanda ya saba ganin iyakar gonarsa,
yana tsoron ruwan da ba shi da kunya ba.

Kundi ya ce: an sauka lafiya, turjiya kaɗan ce.
Kaɗan.
Kaɗan ɗin nan ce ta kwantar da Ignacio Barragán
a ruwa iya gwiwa,
wasiƙar matarsa cikin leda a aljihun ƙirji,
ko jiƙewa ba ta yi ba.

Wata bakwai muka yi a garin
da har yau harshena bai iya sunansa ba.
Muka gina gada, muka rushe biyu.
Wata tsohuwa kullum tana shanya barkono bisa rufin gidanta
kamar ba ma nan,
kamar mu hadari ne mai wucewa.
Ta fi manyanmu iya lissafi.

Mun dawo dubu biyu da ɗari da sittin da uku.
Aka kaɗa badujala, yara suna ɗaga tutoci,
ni kuwa ina ƙirga giɓin sahu
kamar mai taɓa gurbin haƙori da harshe.

Tuttle yanzu yana sayar da tayoyi a Ohayo.
Idan na kira shi, hirar yanayi muke yi,
sanyi, ruwan sama, ciwon gwiwa,
sai mu yi shiru tare, kuɗin waya na tafiya.

Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari,
ga shi labarin ma an ce kada ya wuce shafi arba'in.
Jiya na rubuta sunaye talatin da bakwai.
Kanar ya duba, ya ce a mayar da su ƙarshen littafi.

Na ce to.
Na bar su a shafin farko.