Ƙarfe Uku a Sheffield

Ruwa na dukan taga tun isha'i.
Ƙirjina ya yi tauri, nono ya ƙi sauka.
Ke kina can hawa na huɗu,
cikin kwalbar jarirai, bututu a hanci,
nauyinki bai kai rabin mudun shinkafa ba.

Sun ce in koma gida in huta.
Yaya jini zai kwanta
an raba shi da hanta?

Sai waya ta haska a kan matashi.
Nas Moira ce. Bidiyo, daƙiƙa goma sha ɗaya.
Kin yi hamma.
Hamma kawai, Hurera,
sannan kika damƙe yatsarta
kamar mai bin bashi.
A ƙasa ta rubuta: ta sha rabin cokali, bai dawo ba.

Na tura wa Inna a Funtuwa,
ta aiko murya tana dariya:
kakanki ma a auduga aka naɗe shi,
ya ga jikoki.

Likita bai yi alkawari ba. Na sani.
Amma na jingina wayar da kofin shayi,
na sake kunna hammarki,
na ɗauko injin tatsa.

Ɗigo. Ɗigo.
Ya sauka.