Waƙafi Mai Ruwa

Shekara talatin ina ɗinki a Aboabo,
kekena ya fi ni sanin ƙugun mutanen unguwa.
Sai bana 'yata Zuwaira ta ɗauko wani ɗinki
wanda ba zare, ba allura, ba ƙyalle.

Wayata mai tsagaggen gilashi
take jinginawa da gwangwanin madara
bayan isha'i, in hayaniyar tasha ta lafa.
Malaminta yana cikin bidiyo, bai ma san da ita ba.
Ba ya tsawa, ba ya gajiya,
in ta mayar da shi baya sau bakwai, sau bakwai zai faɗa.
Ladansa datar sidi biyar,
ita ma daga cinikin ƙanƙarar uwarta.

Tsohuwar kwamfutar da muka tayo a Kejetia
tana huci kamar ɗan dako a kan tudu.
A kanta take jera kalmomi, ja da kore da shuɗi,
wai umarni take bai wa na'ura.
Na ce, ke da ba ki jin umarnin wanke tukunya?
Ta yi dariya, ba ta ɗago ba.

Daren Laraba na tarar da ita tana share hawaye.
Kwana uku abin ya ƙi tashi.
An ɗauke wuta, an kawo, an sake ɗaukewa,
sauro ya ci rabonsa a ƙafarta.
Na ja kujera. Ban iya karatun ba,
amma idon tela ya san inda layi ya kauce.
Na ce, duk waɗannan da ɗan wutsiya a ƙarshensu,
wannan fa, ina nasa?
Ta yi tsit.
Ta danna maɓalli ɗaya tak.
Waƙafi mai ruwa, in ji ta,
allon ya buɗe kamar an yaye labule.

Ashe tata sana'ar ma haka take,
allura ta tsallake sau ɗaya, riga ta warware.

Yanzu awon kowa yana cikin abin da ta gina,
wuyan Malam Issaka, hannun Kwabena direban trotro,
wanda ya biya, da wanda ya ce sai bayan Salla.
Jiya ta latsa, masu bashi suka jeru daga babba,
sunan da ya hau sama
na Tanko ne, abokin shayina tun muna samari.
Kaftani tara. Ni kaina na daina ƙirgawa.

Na ce goge shi.
Ta ce, Baba, na'ura ba ta san kunya ba.
Na ce to ki koya mata.

Tun ɗazu take neman darasin,
ni kuwa na ɗora buta a wuta,
ga takun Tanko ina ji a bakin lungu.